Hira daga Garwa: Idan Madubin Bindiga Ya Fara Girgiɗi

Hamidu: Masu sauraro, barkanmu da war haka. Yau ni da Baba Sale ne, wanda ya daɗe yana rakiyar mafarauta masu lasisi a dazuzzukan da ke kewaye da gandun Binuwai da Buba Njida a arewacin Kamaru. Baba, wani ya turo tambaya, wai ɓangaren madubin hangen nesa na bindigarsa da ake kafa wa ido yana girgiɗi kamar haƙorin da zai fita. Saiti ya lalace ke nan?

Baba Sale: Ɗana, ba lallai ba. Wannan ɓangaren na baya aikinsa ɗaya ne, ya daidaita maka gani gwargwadon ƙarfin idonka, har layukan saiti biyu da suka gitta juna a cikin madubin su fito tas. Su layukan kuwa a can cikin bututun suke zaune. Idan gilashin baya kaɗai ke motsi, layukan da abin da ka auna tare suke gocewa, harsashi na nan inda ka aike shi.

Hamidu: To ta yaya mutum zai bambance?

Baba Sale: Ka cire harsashi tukuna, ka duba sau biyu. Ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, ka kafa takarda mai baƙin ɗigo a mita 100. Ka sa ido, ka ɗan taɓa bayan madubin da yatsa, sama da ƙasa. In layukan suna manne da ɗigon, komai na rawa tare, da sauƙi. In kuwa ka ga sun zame sun bar ɗigon, to ciwon ya shiga ciki, ko dai duk kan madubin ne ya saki daga bututun.

Hamidu: Amma Baba, zamewar da ba ta kai kaurin gashi ba fa?

Baba Sale: Nisa ke girmama ta. Abin da Turawa ke kira MOA ɗaya, wato ɗan ma'aunin gocewar saiti, kusan santimita 3 ne a mita 100, a mita 200 ya kusa 6. Na taɓa gani da idona wajen Cholire. Baƙo ya auni kafaɗar ɓauna, harsashi ya same ta a ciki. Wuni guda muna bin jini cikin doguwar ciyawa, kowa ransa a hannu, ita kuma tana shan azabar da ba ta cancanta ba. Har yau abin na ci min rai. Da muka koma sansani na kama madubin, ashe ba gilashin baya ba ne ma, ƙusoshin zoben da ke riƙe shi a kan bindiga ne suka kwance.

Hamidu: Gargadar hanya ce ta jawo?

Baba Sale: Ita da bugun bindigar. Babbar bindiga mai harsashin .375 in ta tashi, kafaɗa ma ta shaida, balle ƙaramar ƙusa. Shi ya sa nake fara duba zobba kafin in zargi gilashi. Tsofaffin madubai suna da zoben kulle a baya, ka murɗa shi ya kama, shi ke nan. Na zamani da ake juyawa kai tsaye, wasu da ɗan wasansu suke fitowa daga kamfani.

Hamidu: Sai a ƙyale shi?

Baba Sale: A sa masa ido. In wasan ya ƙaru, ƙurar hunturu za ta samu ƙofa, da damina kuma ka ga raɓa ta rufe gilashin ta ciki. Kada ka kwance shi a gida. Mai tambayar nan ya gwada buhun yashin, ya harba uku a takarda, ya turo mana hoton.