Me ya sa masu hawan Kilimanjaro suke gangarowa bayan sun hau?

Tun da wani bidiyon masu hawan dutsen Kilimanjaro ya bazu, tambaya ɗaya ake ta yi. Mutane sun wuni suna hawa, sun kai can sama, sai ga su sun juyo suna gangarowa don su kwana. Wasu sun ce ɓatan hanya ne, wasu sun ce wayon jagorori ne don kwanaki su ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Ba ko ɗaya.

Wannan shi ne Kilimanjaro, a arewa maso gabashin Tanzaniya. Tsayinsa mita 5,895, duk Afirka babu kamarsa. Aman wuta ne ya gina shi, kuma kawuna uku gare shi. Shira da Mawenzi sun mutu, Kibo kuwa barci kawai yake yi, a bakin raminsa ƙololuwar Uhuru take. Ga garin Moshi a gindinsa. Ga gonakin ayaba da kofi na mutanen Chagga, ƙasa mai albarka. Ga kurmi, ga inda itatuwa suka ƙare.

To, a nan za mu tsaya. Hanyar Machame ce, ɗaya daga cikin hanyoyin hawan dutsen, rana ta uku. An tashi daga sansanin Shira, wajen mita 3,800, an hau har Lava Tower, wani baƙin tsauni da ake gani a bidiyon, wajen mita 4,600. An ci abincin rana, sannan aka gangara sansanin Barranco, wajen mita 3,900. Wuni guda ana tafiya, amma wurin kwana bai fi na jiya da komai ba.

Dalili shi ne iska. Iya hawanka, iya raguwar iskar oksijin da kake samu a kowane numfashi. A ƙololuwa kusan rabin ta bakin teku ce. Jiki yana iya sabawa, sai dai ba ya son gaggawa. Kuma da dare ne ya fi shan wuya, domin mai barci numfashinsa yana lafawa. Shi ya sa ake ɗanɗana masa tsayin da rana, ya fara gyara numfashinsa, sannan a sauko da shi inda iska ta fi kauri ya huta. Wannan gangarowar ita ce ke kai mutum ƙololuwa.

Kada wani ya ce ai shi ɗan ƙwallo ne. Ciwon tsauni bai san ƙarfi ba, hasali ma mai jin ƙarfi shi ya fi saurin wuce gona da iri. Shi ya sa jagorori ba sa gajiya da cewa "pole pole", a hankali. A bidiyon akwai ɗan abin da aka maƙala wa wata mata a yatsa: iskar jininta ake aunawa. Ciwon kai, tashin zuciya, rashin son abinci, a faɗa wa jagora nan take. In ya kai ga tangaɗi, ko haki alhali ana zaune, magani shi ne a sauka, ko da tsakar dare ne. Rai ya fi hoto.

Ni dai shawarata, kada a zaɓi gajeriyar tafiya don rangwamen kuɗi, a ɗauki ta kwana 7. Mai ciwon sikila ko na zuciya kuwa, ya ga likita tun kafin ya sayi tikiti.

Ga sauran tafiyar. Sansanin Barafu, zangon ƙarshe kafin ƙololuwa, tashi da tsakar dare, fitila a goshi, sanyi mai ratsa ƙashi. Stella Point, a bakin ramin Kibo, da ketowar alfijir, sannan Uhuru. 'Yan mintuna, a ɗauki hoto, a juyo. Waɗannan 'yan dakon da ke wuce ku da kaya a ka, su suka kafa tanti, su suka ɗebo ruwa. In an sauko ƙofar Mweka, a sallame su da hannu sake.