Mako goma a ɗakin gwaje-gwaje

Wannan lacca ce da wani malamin kimiyyar halittu ya gabatar wa ɗaliban aji biyu da aji uku. An rubuto ta ne daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Malamaina da abokan aikina, ina gaisuwa. 'Ya'yana ɗalibai, na baya ku matso, akwai kujeru a nan gaba.

A cikinku nan akwai wanda zai iya zayyano min yadda PCR, dabarar nan ta ninka kwafin sinadarin gado na DNA, ke aiki ba tare da ya duba takarda ba. A ɗaga zafi zuwa digiri 95 zaren DNA ya rabu biyu, a sauke, a sake ɗagawa zuwa 72, a maimaita sau 30 a samu kwafi kusan biliyan ɗaya. Kun haddace tsaf. To su wa suka taɓa riƙe fifet, ɗan bututun ɗiban ruwa, suka ɗebi mikrolita biyu, abin da bai kai ɗigo ɗaya ba, da hannunsu? Ku ɗaga hannu. Ina ganin hannu huɗu. Wannan shi ne dalilin taruwarmu yau.

Manyan cibiyoyin bincike na duniya suna da tsarin ɗaukar ɗaliban digiri na farko a lokacin dogon hutu, su zauna mako 8 zuwa 10 a ɗakin gwaje-gwaje. Hutun nasu daga Yuni ne zuwa Agusta, wato tsakiyar daminarmu, kada kalmar bazara da ake fassara shi da ita ta ruɗe ku. Ana haɗa ɗalibi da mai bincike guda, a ba shi ƙaramar tambaya wadda har yanzu ba wanda ya san amsarta. Nan ne bambancin yake da gwajin da kuke yi a aji, inda malam ya riga ya san abin da zai fito. A ƙarshe ɗalibi ya tsaya gaban manyan masana ya faɗi abin da ya gano. Yawancinsu suna ba da masauki da alawus, wasu har da kuɗin jirgi.

Akwai wata cibiya a jihar New York ta Amurka mai suna Cold Spring Harbor. A can Barbara McClintock ta yi shekara da shekaru tana nazarin masara, aikin da ya kai ta ga lambar Nobel a 1983. Sun fara shirinsu na ɗalibai a 1959, suna ɗaukar mutum kusan 20 a shekara, kuma ba 'yan Amurka kaɗai ba. A rukunin farko akwai wani saurayi ɗan shekara 21, David Baltimore. A 1970 shi da Howard Temin, kowa a ɗakin bincikensa, suka gano sinadarin da wasu ƙwayoyin cuta ke amfani da shi su juya RNA, ɗan'uwan DNA, ya koma DNA, irin wanda daga baya aka ga HIV na aiki da shi. A 1975 aka ba su Nobel. Su biyun kuma tun suna matasa suka haɗu, a wani shirin hutu irin wannan a cibiyar Jackson da ke jihar Maine. Ba ina cewa duk wanda ya je zai dawo da Nobel ba. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mutanen nan sun daɗe da gane haka.

Sai dai ku karanta sharuɗɗa kafin ku wahalar da kanku. Shirin da ya fi yawa a Amurka shi ne REU, wanda hukumar kimiyya ta ƙasar, NSF, ke biya tun 1987, kuma kuɗinsa na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Na sha ganin ɗalibi ya kwana uku yana cike fom ɗin da tun layin farko an cire shi. Waɗanda ƙofarsu ke buɗe ga kowace ƙasa su za ku nema: Cold Spring Harbor ɗin nan, da jami'ar EPFL a birnin Lausanne na Suwizalan, da Vienna BioCenter a Ostiriya, da jami'ar OIST a Okinawa ta Japan, da jami'ar KAUST a Saudiyya. Na biyun ƙarshen sukan kai wata uku zuwa shida. Da yawansu suna rufe karɓar takardu tun Janairu ko Fabrairu, don haka wanda ya tuna a Mayu ya makara. Ga kuma namu kalandar da yajin aiki ya hargitsa, Yuli kan riske mu muna tsakiyar jarrabawa. Ka je wurin shugaban sashe da wuri, ku zauna ku daidaita. Fasfo ma a yi shi tun yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne wasiƙa. Za a nemi sakamakonka, da wasiƙar shaida daga malamai, yawanci biyu, da bayanin da kai za ka rubuta a kan kanka. Ɗalibi zai zo ofishina saura kwana biyu a rufe, ban taɓa jin muryarsa a aji ba, ya ce, "Malam, a taimaka a rubuta min." Me zan rubuta? Cewa yana da ladabi? Masu tantancewa sun karanta irin wannan har sun gaji. Abin da ke tsayar da idonsu shi ne malami ya ce yarinyar nan ta yi wata huɗu tana zuwa ɗakina, ita ta lura firjinmu ba ya riƙe sanyi da dare, ita ta kawo shawarar abin da za a yi. Wannan ba ya rubutuwa sai an yi shi. Kai ma a naka bayanin, bar maganar tun ina ƙarami nake son kimiyya. Karanta takarda ɗaya ta ɗakin da kake nema, ka faɗi abin da ya ɗaure maka kai a cikinta.

Ranar da na fara irin wannan zama, abin da aka miƙo min littafi ne mai lambar shafi, aka ce da biro za ka rubuta, kuma ba a yage shafi. Mako uku ina yin PCR, in zuba a jel, inda DNA ke fitowa kamar layi idan aikin ya yi, in kunna fitila, ba ko layi ɗaya. Matar da ke kula da ni ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawo littafin. Muka bi shi rana-rana har muka iso inda na rubuta adadin wani sinadari da na tsarma, ashe na ninka ruwan sau goma. Washegari layin ya fito, siriri, yana haske. Da ban rubuta ba, da har yau ban san inda na kuskure ba. Abin da ake zuwa koya ke nan, kuma ba a samunsa a takardar lacca.

Na san gurabun kaɗan ne, yawancinku ba za su samu ba, kuma biza ma wani dutse ne. Amma muna da SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a ma'aikatu, wanda hukumar horas da ma'aikata ta ITF ta kafa tun 1973, wata shida cur ga da yawanku. Ana ta ɓarnatar da shi a ofisoshin da aikin ɗalibi bai wuce sa hannu a rajista ba. Ga cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom, ga cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan da reshenta na Kano inda ake aikin wake, ga cibiyar binciken lafiya ta NIMR a Yaba, Legas. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da cibiyar ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, inda ake binciken gero. Ka rubuta wa mai bincike guda da sunansa, ka ce aikinsa kaza kake son sa hannu a ciki. Wata shida a nan shi ne zai cika wasiƙar da za ka aika Lausanne baɗi.

Duk mai son farawa, ina ɗakin gwaje-gwaje ranar Litinin bayan azahar. A zo da sabon littafi da biro. Yanzu sai tambayoyi. 'Yata mai hannu a sama, bismillah.