Me ya sa 'yan sandan Shikago ba sa taya hukumar shige da fice kame?

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci. A watan Satumban 2025 jami'an shige da fice na gwamnatin tarayyar Amurka suka yi wa birnin Shikago dirar mikiya, suna kamen baƙin da ba su da takardun zama. Amma 'yan sandan garin ba su sa hannu a kamen ba, domin dokar birnin da ta jihar Illinois sun hana su.

Wannan zai ɗaure wa ɗan Najeriya kai, tunda a Najeriya rundunar 'yan sanda ɗaya ce, Sufeto Janar ke juya ta daga Abuja. A Amurka kuwa hukumomin 'yan sanda sun kai kusan 18,000. Magajin gari ne ke naɗa shugaban 'yan sandan Shikago, gidan yarin gunduma kuma yana hannun sherif, wanda jama'a ke zaɓa da ƙuri'a. Shugaban ƙasa bai naɗa su ba, ba shi da ikon tsige su.

Tasa ƙeyar baƙi aikin tarayya ne, kuma hukumar shige da fice ta ICE da aka kafa a 2003 ce ke yin sa a cikin ƙasa. Bin mutane gida-gida na cin lokaci da kuɗi, saboda haka wurin da ya fi mata sauƙi shi ne ƙofar gidan yari. Ga yadda abin yake tafiya. An kama mutum, a ce da laifin tuƙi cikin maye. An ɗauki zanen yatsunsa, an tura wa hukumar binciken laifuka ta tarayya, FBI, daga can bayanin ya isa ga ICE. In ta ga tana nemansa, sai ta aiko da takarda cewa a ci gaba da riƙe shi har awa 48 bayan lokacin sakinsa, kafin ta zo ta ɗauke shi.

A nan gizo ke saƙar. Ba alƙali ne ke sa hannu a wannan takarda ba, jami'in ICE ne. A 2014 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta duba shari'ar wani mutum da aka riƙe a jihar Pennsylvania a kan irin wannan takarda, alhali ɗan Amurka ne haifaffe. Kotun ta ce takardar roƙo ce, ba umarni ba, kuma gundumar da ta riƙe mutum a kanta ana iya kai ta ƙara. Gundumomi da dama suka daina amsawa daga nan, wasu ba don tausayin baƙi ba, don gudun biyan diyya.

To me ya hana Washinton ta tilasta musu? Kotun Ƙoli ce ta hana, tun a 1997. Abin mamaki, shari'ar ba ta baƙi ba ce, ta bindiga ce. Wasu sherif biyu daga Montana da Arizona ne suka ƙi bincika tarihin masu sayen bindiga kamar yadda dokar tarayya ta ɗora musu, kotun kuma ta ba su gaskiya, ta ce tarayya ba za ta mayar da jami'an jiha 'yan aikenta ba. Mai shari'a Antonin Scalia, jigon masu ra'ayin riƙau, shi ya rubuta hukuncin. Yau hukuncin nan ne garkuwar biranen da masu ra'ayin riƙau ke suka.

Shikago ta daɗe a wannan layi. A 1985 Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin, ya hana ma'aikatan birni tambayar mutane takardunsu kafin a yi musu hidima. A 2006 majalisar birnin ta mayar da abin doka. A 2017 gwamna Bruce Rauner, ɗan jam'iyyar Republican, ya sa hannu a dokar da ta hana 'yan sandan jihar baki ɗaya tsare mutum saboda batun takardu sai da sammacin alƙali.

Hujjar da shugabannin 'yan sanda ke bayarwa ta aiki ce. Matar da mijinta ke duka ba za ta kira su ba in tana tsoron a tasa ƙeyarta. Wanda ya ga kisa da idonsa zai ja bakinsa ya yi shiru. Tun 1979 'yan sandan Los Angeles suka ɗauki wannan matsayi.

Masu suka ma suna da abin nunawa. A 2015 harsashi ya kashe wata matashiya a San Francisco, kuma mutumin da bindigar ke hannunsa an taɓa korarsa daga ƙasar sau biyar, ofishin sherif ya sake shi duk da roƙon ICE. Masu taya alƙali hukunci sun wanke shi daga laifin kisa a 2017, amma lamarin ya riga ya zama makamin siyasa. A shekarar ce Teksas ta yi dokar hukunta duk sherif da ya ƙi ba ICE haɗin kai, har da cire shi daga kujera. Florida ta bi sahu a 2019. Akwai kuma tsarin da ake kira 287(g), daga dokar 1996, inda ake horar da 'yan sandan gari su yi wa ICE aiki. Inda aka fi ganin illarsa shi ne gundumar Maricopa ta Arizona, da kotu ta samu ofishin sherif Joe Arpaio a 2013 da laifin tare mutane saboda kamanninsu na 'yan Latin Amurka.

A watan Fabrairun 2025 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta maka Shikago da Illinois a kotu, a watan Yuli alƙali ta yi watsi da ƙarar. Sai tarayya ta ce, in an rufe mana ƙofar gidan yari, za mu shigo unguwa. Haka aka yi. A watan Oktoba magajin gari Brandon Johnson ya hana jami'an tarayya amfani da filaye da wuraren ajiye motoci na birni wajen shirya samame.

Ni a ganina, sunan “birnin mafaka” da ake yi wa birane irin Shikago ya fi ƙarfin abin da dokar ke iya yi. Birni na iya janye hannunsa, amma ba ya iya tare wa ICE hanya, kuma jami'in da ya hana ta aiki shi ma ya taka dokar tarayya. Shi ya sa ɗan sandan Shikago ke tsaka mai wuya. In samame ya jawo cincirindo aka kira shi kiyaye tsari, mutanen unguwa su ce ya zo rakiyar ICE. In bai zo da wuri ba, jami'an tarayya su ce ya bar su a hannun masu zanga-zanga.