Sharhi: Masu Cewa A Dawo Da Haraji, Ina Littafin?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka.

Tun da aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, wata tsohuwar magana ta sake tasowa a majalisu da bakin kasuwa, har ta iso mana nan a shirin kiran waya. Wani bawan Allah ya kira ranar nan ya ce wai talakan Arewa ya sangarce, ba ya biyan komai amma yana son komai, saboda haka a dawo da haraji irin na zamanin En'e, wato hukumar sarakuna ta lokacin mulkin Turawa, a ga aiki da cikawa. Kafin a rufe shirin wasu mutum biyu sun bi sahunsa. Na kwana da maganar nan a raina, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta ɓata mini rai. Masu wannan kira sun tuna yadda ake karɓa, amma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ambaci littafin da ake rubuta abin da aka karɓa. To ni yau littafin nake nema.

Bayan rasuwar kakana, Allah Ya jiƙansa, da aka buɗe gafakar da yake ajiye Alƙur'aninsa, an tarar da wasu 'yan takardu a ninke, sun yi ja saboda tsufa. Takardun haraji ne. Kowace tana da lamba da aka buga da inji, ga sunansa, ga sunan ƙauyen, ga shekara, ga yawan sulallan da ya biya, ga sa hannun malamin haraji a ƙasa. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba ya ajiye su kusa da abin da ya fi daraja a wurinsa, don ya san in ba takardar nan a aljihu ba, ɗan doka zai iya tare shi a ƙofar kasuwa ko a hanyarsa ta zuwa cin rani. Lambar nan da ke jikin takardar tana da 'yar'uwa a gindin littafin da aka yage ta, kuma gindin littafin yana komawa Baitulmali. Wanda ya so bin sawun kuɗin kakana, daga hannunsa har akwatin Ma'aji, yana da hanyar bi.

Haraji dai ba Bature ya kawo shi ƙasar Hausa ba. Tun kafin jihadi akwai jangali da kuɗin gari, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa su cikin zaluncin sarakunan da ya yi wa wa'azi. Bayan jihadin ma aka ci gaba da karɓar kuɗin ƙasa, da kuɗin karofi a hannun marina, da kuɗin rafi a hannun masu noman rani, ga kuma zakka. Hakimai suna zaune a birni, jakadunsu ne ke zuwa ƙauye su tattaro, kuma kowane hannu kuɗin ya ratsa sai ya rage. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Lugga, shugaban Turawan mulkin Arewa, ya ga ba shi da mutane ba shi da kuɗi, sai ya kama wannan tsari ya gyara shi don amfanin kansa. Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta dunƙule yawancin waɗannan kuɗaɗe suka zama haraji ɗaya. Aka kawar da jakadu, aka ce kowane hakimi ya bar birni ya je ya zauna a gundumarsa. Sannan a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wani jami'in Turawa mai suna Palmer ya kafa Baitulmali, kuma kafin a haɗe Kudu da Arewa a 1914 abin ya game manyan masarautu. Daga nan rabon da ake bar wa masarauta ya daina zama kuɗin aljihun sarki. Aka yanka wa sarki albashi, aka yanka wa hakimi da alƙali da dogari. Da farko raba daidai ake yi, rabi na gwamnatin Turawa, rabi na En'e.

Ku saurari yadda kuɗin ke tafiya, domin nan ne zancen yake. Mai unguwa ya san kowane gida, shi da dagaci suke ƙidaya magidanta da samarin da suka isa biya, malamin haraji ya rubuta sunaye. A ƙasar Kano har an yi zamanin taki, lokacin da malaman taki ke auna gona da ƙafa a yanka mata kuɗi gwargwadon girmanta. Idan an tsayar da abin da ke kan kowane ƙauye, sai a jira kaka, lokacin da gyaɗa da auduga suka shiga kasuwa. Mutum ya biya, a yaga masa takarda. Dagaci ya kai wa hakimi kuɗi da gindin littafi, a ƙirga a gabansa, a ba shi tasa shaidar. Hakimi ya kai wa Ma'aji, shi ma a ba shi tasa. Jangali kuwa da damina ake yinsa, a bi ruga ruga tare da arɗo ana ƙirga shanu. A Baitulmali akwai littafin shiga da fita na kullum, kuma ba a fitar da ko anini sai da bauca mai sa hannu. Kowace shekara En'e tana tsara ƙiyasin abin da za ta samu da abin da za ta kashe, layi layi, kuma sai Razdan, wato Baturen lardi, da na sama da shi sun amince. Di'o, Baturen da ke ƙarƙashin Razdan, yana iya faɗowa ba sanarwa, ya ce a buɗe akwati, a ƙirga abin da ke ciki a gwada da abin da littafi ya ce. In an sami giɓi, akwai wanda zai amsa da sunansa. Dagatai da hakimai da yawa sun rasa rawaninsu a kan cin kuɗin haraji, wasu har gidan yari.

Kuma an ga abin da kuɗin ya yi. Ruwan famfo na Challawa da wutar lantarkin da suka shigo birnin Kano a farkon shekarun 1930, da kuɗin En'e aka yi su. Asibitin birni, wanda yau ake kira da sunan Murtala Muhammad, En'e ce ta gina shi. Makarantun elemantare da midil, da ɗakunan shan magani na gunduma, da rijiyoyi, da hanyoyin da motocin gyaɗa ke bi, duk daga nan suka fito.

Amma kada wani ya ce na zo yabon zamanin En'e. Allah Ya kiyaye. Dattawanmu suna nan da rai, ku tambaye su yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci, a gaban matansa da 'ya'yansa, don ya kasa biya. Ku tambaye su akuya nawa aka sayar a wulaƙance, hatsi nawa aka ɗebo daga rumbu tun kafin bazara. Shekarar da aka yi fari ma takarda ba ta san da fari ba. An karɓi harajin wanda ya mutu da wanda ya yi ƙaura a hannun 'yan'uwansa, domin sunansa yana cikin lissafi kuma dagaci ba ya son ya je gaban hakimi da giɓi. Bafulatani ya sha kora shanunsa cikin dare ya tsallaka ƙasar Faransi don gudun jangali. Rarar kuɗin Baitulmali kuwa a Landan ake ajiye ta tana yi wa wasu aiki. Babban aibin tsarin ma shi ne, littafin nan mai tsabta sama yake kallo. Dagaci yana ba hakimi lissafi, hakimi yana ba sarki, Ma'aji yana ba Razdan, Razdan yana ba Kaduna. Babu ranar da aka tara masu biya a dandali aka ce ga abin da kuka bayar, ga inda ya tafi. Wannan na cikin abin da ya tayar da jam'iyyar NEPU a 1950, kuma a shekarar ce Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa En'e garambawul.

Duk da haka littafi littafi ne, ko da don Bature aka rubuta shi. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa wani jami'in Bature mai suna Muffett ya binciki kuɗin En'e ta Kano, kuma a 1963 Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus ya koma Azare. Na sani har gobe ana gardama a kan ko siyasa ce tsakaninsa da Sardauna ta ja lamarin, kuma mai yiwuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, mai binciken ya sami littattafan da zai buɗe. Sarki mafi ƙarfi a Arewa a zamaninsa, aka zauna aka duba lissafin masarautarsa shafi shafi. Ku faɗa mini, a ƙananan hukumomi 774 da muke da su yau, nawa ne za a je da safe ba sanarwa a ce a kawo littafin jiya a kawo shi?

A 1979 gwamnonin PRP, Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano, suka soke haraji da jangali, kuma sun yi daidai. Talaka ya yi murna, yana da dalilin murna. Sai dai tun bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ido ya riga ya koma kan kason da ke zuwa daga tarayya, kuɗin mai. Ciyaman ya daina buƙatar sanin magidanta nawa ne a ƙasarsa, abin da yake jira ƙarshen wata ne. Bulala ta tafi, alhamdu lillahi, amma littafin ma ya bi ta, kuma wannan ne ba mu yi kuka a kansa ba.

Su kuma masu cewa talaka ba ya biyan komai, yaushe rabonsu da kasuwar ƙauye? Makon jiya na tsaya a wata kasuwar mako kusa da wata dattijuwa mai sayar da daddawa da kuka. Kafin azahar mutum uku sun zo mata, kowa da 'yar takardarsa. Na karɓi ɗaya na duba. Babu lamba, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya karɓa, hoton takarda ne kawai aka buga a shago aka yayyanka da reza. Na ce, “Baba, wannan kuɗin ina yake zuwa?” Ta ce, “Ɗan nan, ni dai in ban bayar ba a kifar mini da faranti.” Mai akuya ya biya a kara, mai baro ya biya, ɗan acaɓa ya yanki tikiti tun da sassafe, direban da ya ɗauko tumatir ya biya a shinge bayan shinge. Wannan ba haraji ba ne? Haraji ne, har ya fi na kakana yawan zuwa, domin nasa sau ɗaya ne a shekara. Takardar kakana tana da gindi a Baitulmali. Takardar wannan baiwar Allah ba ta da gindi a ko'ina. To ina littafin?

Za a ce mini ai yanzu an ci gaba, akwai kwamfuta, akwai masu binciken kuɗi na ƙananan hukumomi a kowace jiha. Madalla. Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya, kuma duk wata ana buga abin da aka tura wa kowace. Shigowar kuɗin a bayyane take. Fitarsa fa? Shekara da shekaru kuɗin yana faɗawa asusun haɗin gwiwa na jiha, ya shiga ba a ga fitarsa ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Na yi maraba da hukuncin. Amma ko an bi shi sau da ƙafa, in babu lissafin da jama'a za su gani, an dai sauya wa ɓera rumbu ne.

Wasu kuma za su ce talaka bai iya karatu ba, me zai yi da lissafi? Wannan raini ne, ba hujja ba. Matar da ke riƙe adashin mutum talatin a ka ba ta ɓata ko naira ɗaya ba, ita ce ba za ta gane an tara dubu kaza an kashe dubu kaza ba? Kowane kwamitin masallaci yana karanta abin da aka tara ranar Juma'a. Abin da masallacin unguwa ya iya, sakatariya mai akanta da ma'aji da kwamfuta ta kasa?

Malamin haraji na zamanin kakana da alƙalami da tawada da fitilar ƙwai ya yi aikinsa, a kan keke ko a kan doki, kuma lissafinsa ya daidaita har anini. Saboda haka abin da nake nema ba shi da wuya. Kowace takardar karɓar kuɗi a kasuwa da tasha ta kasance da lamba da kwanan wata da sunan mai karɓa, a kuma ajiye gindinta. Kowane wata a manna a ƙofar sakatariya da ƙofar kasuwa abin da ya shigo daga Abuja, abin da aka tara a gida, da abin da aka kashe, da Hausa, da boko da ajami. Kansila ya tsaya a gaban mazaɓarsa ya karanta, a yi masa tambaya ya amsa. Wannan karon lissafin ya kalli ƙasa, wajen masu biya, abin da En'e ba ta taɓa yi ba.

Ga wanda ya kira mu ranar nan, Malam, na ji ka, kuma na yarda gari ba ya ginuwa sai da gudummawar mutanensa. Amma kafin ka sake cewa a dawo da haraji, je sakatariyar ƙaramar hukumarku ka ce a nuna maka lissafin kuɗin kasuwa na watan jiya, sannan ka sake kiranmu ka gaya wa jama'a abin da aka ce maka. Shugabannin ƙananan hukumomi kuma, ƙofar wannan gidan rediyo a buɗe take. Duk ciyaman da ya shirya, ya zo da littafinsa na wata ɗaya tak, mu ba shi awa guda kyauta ya karanta wa mutanensa, mu kuma buɗe layin waya.

Wassalamu alaikum.