Tsaga Biyu, Haske Ninki Huɗu

Ku dubi bangon nan. Mun haska jar fitilar leza ta cikin siririyar tsaga guda ɗaya, ga hasken ya bazu. To, bari mu buɗe tsaga ta biyu dab da ta farko. Kowa zai zaci hasken zai ninka sau biyu a ko'ina. Amma ga abin da ya fito: ratsi-ratsi, haske, duhu, haske, duhu. Wurin da ke da haske ɗazu ya yi baƙi ƙirin, alhali ƙara haske muka yi.

Irin wannan gwaji ne masanin kimiyya Thomas Young ya gabatar a Landan a 1803, shi da hasken rana ya yi nasa, don ya nuna cewa haske igiya ne, kamar igiyar ruwa. Ku jefa tsakuwa biyu cikin tafki lokaci guda. Inda tudun igiya ya haɗu da tudu, ruwa ya ƙara tashi. Inda tudu ya faɗa kwari, ruwa ya kwanta lif. Duhun da ke bangon nan ke nan: igiyar tsaga ɗaya ta makara da rabin zango (zango shi ne tazarar tudu zuwa tudu na gaba), sai igiyoyin biyu suka kashe juna.

Ga inda abin ya fi burge ni. Ƙarfin haske ba ya bin tsayin tudun igiya kai tsaye, sai an ninka tsayin da kansa. A ratsin tsakiya igiyoyin biyu sun iso tare, tsayi ya zama biyu, biyu sau biyu kuwa huɗu. Wato hasken wurin ya ninka na tsaga ɗaya har sau huɗu! Ina aka samo ƙarin? Daga wuraren duhu. Huɗu a nan, sifili a can, in aka raba daidai biyu ne, ko ɗigo bai ɓata ba.

Tazarar ratsin ma ana iya lissafa ta. Jan haske mai zangon nanomita 650 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), tsagogi a rubu'in milimita da juna, bango a nisan mita 2: ratsi zuwa ratsi kusan milimita 5.

To, in haske ya yi rauni sosai, ratsin zai ɓace? A 1909 masanin kimiyya G. I. Taylor ya dusashe haske da gilashi mai hayaƙi, ya ɗauki hoton inuwar allura, wadda ita ma ke da irin wannan ratsi, na kusan wata uku. Duk da raunin hasken, da ya wanke hoton, ratsin na nan sarai.