Lacca: Fara ce, gyare ne, ko farar tumfafiya?

Assalamu alaikum, jama'a. In kun kama ƙwaro mai tsalle a gona, kada ku fara da launi, domin launi yana yaudara. Ku fara duban ƙahonnin nan biyu masu kama da zare da ke goshinsa. Na fara gajeru ne, da kyar su kai rabin jikinta. Na gyare kuwa sirara ne, sukan kai tsawon jikinsa ko su zarce.

Sai ku juya shi ta baya. Gyare yana da tsinkaye biyu a gindi, tamatar kuma tana da na uku a tsakiya, dogo kamar allura. Ba na harbi ba ne, da shi take binne ƙwai a ƙasa. Fikafikansa shimfiɗe suke a gadon baya, na fara kuwa sun sauko ta gefe kamar jinka. Har kunne ma ba wuri ɗaya yake ba: na gyare a ƙafar gaba, na fara a gefen ciki, ƙarƙashin fiffike. Kukan da kuke ji da dare, namijin gyare ne ke goga fikafikansa biyu.

To, a nan nake so ku natsu. Farar ɗango tana sauya kama. In tana ita kaɗai, ruwan ƙasa ce, ba ta damun kowa. In damina ta yi kyau a hamada suka yi yawa har suna gogar juna, sai 'ya'yan, waɗanda ba su yi fiffike ba, su zama rawaya da baƙi, suna tafiya rundu. Sabuwar balaga jaja-jaja take, in ta isa yin ƙwai ta koma rawaya. Kowace tana cin kimanin giram 2 a rana, wato nauyin jikinta. Mutanen Nijar ba su manta da ɓarnar da ta yi a 2004 ba. Wanda ya ga irin wannan rundunar 'ya'ya, ya sanar da malamin gona tun ba su tashi ba, don feshi ya fi ci a lokacin.

Kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar farar tumfafiya a matsayin ɗango, saboda ita ma rawaya ce. Ku dubi inda ta sauka. A kan tumfafiya take, da zane-zane masu duhu a jiki, ga nawa, ba ta saurin gudu, in an taɓa ta sai ta feso ruwa mai wari. Dafin ganyen ne ta tara a jikinta, shi ya sa ba a soya ta, kuma a kiyaye ido in an kama ta.