Guguwa ta lafa, sai aka ce a kawo takarda

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, sannunku da haƙurin zafin Sakkwato. Abubuwa uku zan faɗa kan halin da mutane ke shiga idan guguwa ko ambaliya ta afka, in lokaci ya bari.

Na farko, hanyar gudu. Ranar 29 ga Agusta 2005 guguwar Katrina ta afka wa New Orleans a Amurka, katangun tare ruwa suka fashe, kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Tun kafin ta iso hukuma ta ce kowa ya fice. To, da me? Kusan gida ɗaya cikin huɗu ba mota, ga ƙarshen wata, aljihu ya bushe. Dubbai suka cunkushe a filin wasa na Superdome.

Na biyu, wanda ya fi ci mini rai, takarda. A 2017 guguwar Mariya ta daki tsibirin Fotoriko da ke ƙarƙashin Amurka, wasu garuruwan suka yi watanni ba wuta. Mutum ya je neman tallafi wajen FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, sai a ce masa, kawo shaidar gidan naka ne. Gidan gado fa! Kakansa ya gina, ubansa ya ƙara ɗaki, shi ya sa kwano. Ba wanda ya taɓa rubuta komai. Aka mayar da dubbai hannu wofi. Bari in tambaye ku, wa ke da takardar gidan gadonsu? Ɗaga hannu. Ɗaya, biyu... Alhaji, kai ma susar kai kake yi, ba zan ƙirga ka ba. (Dariya.) Mai unguwa ya san gidanka, limami ya sani, amma kwamfuta ba ta san mai unguwa ba. Wanda ma yake da takardar, ai tana ƙarƙashin katifa, ruwa ya riga shi.

Na huɗu... a'a, na nawa muke? Na'am, 'yata?

(Wata ɗaliba ta ce: Malam, mu da ba mu da teku fa?)

Teku kam babu, amma akwai Gulbin Rima. A 2010 ruwa ya mamaye Goronyo da Kware, ya yanke hanyar jami'a. Ke kina firamare lokacin. Da aka zo rubuta sunayen masu karɓar buhun shinkafa, sunan maigida ake tambaya. Na ga wata tsohuwa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta na Legas, tana zaune gefen layi da kwanonta har la'asar.

An yi kiran salla, ko? To, mu tashi.